Kaka Modu da Hanyar Gubio

Muna cikin darasin labarin ƙasa aka leƙo ajinmu aka ce ni Yagana in ɗauki jakata, ana nemana a gida. Tun daga bakin layinmu a unguwar Gwange na hango tabarmi a ƙofar gida. Kakana, Kaka Modu, Allah ya yi masa rasuwa da hantsi bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa na ga ya fi mini sauƙi in rubuta abin da na sani game da shi.

Kaka direba ne. Ya ƙare rayuwarsa yana jan tsohuwar akori-kurarsa a hanyar da ta tashi daga Maiduguri ta bi ta Magumeri ta nufi Gubio. Duk hutun makaranta nakan zauna kusa da shi a gaba, yana kirana Kwandasta, ko da yake ban taɓa iya buɗe baki na kira fasinja ba. Ina shaida cewa mutum ne mai gaskiya da riƙon zumunci. Ina kuma shaida cewa ba a taɓa yin direban da ya kai shi daɗewa a hanya ba, domin babu mararrabar da yake wucewa bai tsaya ya gaisa ba. Idan fasinja ya yi ƙorafi, sai ya ce, "Mai sauri ya sauka ya yi gaba, zan same shi." Wani lokaci kuma ya ce, "Mota ta sha mai tun a tasha, yanzu direba zai sha nasa."

Kwatancensa ma daban ne. Bai taɓa cewa dama ko hagu ba. In ka tambaye shi hanyar ƙauyenmu, sai ya ce, "Za ka ga wata tsamiya babba. To, ba nan ba ne."

Yana da yaya guda a duniya, Ya Falmata, tsohuwa ce ƙwarai, tana can ƙauyenmu inda waya ba ta shiga. A gidanmu ba a barin babba ya ji mutuwar ɗan'uwansa a bakin ɗan hanya, dole na gida ya je ya durƙusa ya faɗa. Saboda haka washegarin jana'iza Baba ya ce in shirya, tunda ni na san hanyar. Muka ɗauki motar Kaka, don ita kaɗai ke iya yashin wajen. Baba ya ce ba za mu tsaya ko'ina ba, kada labari ya riga mu.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, duk hanyar ta san ƙarar motar nan. Kafin mu kai mararrabar farko, Malam Kolo mai shayi ya riga ya fito tsakiyar titi da kofi a hannu, yana jero gaisuwar Barebari.

"Wushe, wushe! Ina tsohon? Yau kuma yara ya ba tuƙi?"

Baba ya sunkuyar da kai ya faɗa masa. Malam Kolo ya zauna a kan benci, ya daɗe yana salati. Da ya ɗago sai ya miƙa wa Baba kofin.

"Ka sha. Na riga na zuba sukari irin nasa, babu wanda zai saye shi."

Baba ya sha, sannan aka tara mutane aka yi addu'a. Muka roƙe su kada kowa ya kai labari gaba.

Bayan Magumeri akwai kwanar da Kaka yake kira Kwanar Kaza. Tun kafin a haife ni ya taɓa take kazar wata mata a wurin, Hajja Fanna mai gyaɗa. Daga ranar duk wucewa sai ya sauka ya cire hula ya yi mata gaisuwar kazar, ita kuma ta ce, "Modu, na yafe tun zamanin da nake da haƙora." A wannan rana ita ce ta tare mu da farantinta. Da ta ji, ta rufe fuska da mayafi tana kuka, tana cewa yanzu wa zai riƙa tuna marigayiyar. Sai da muka ɗan jima na gane kazar take nufi. Ta kuma yi mana taimakon da ba zan manta ba: ta sa aka ƙwace kekunan samarin kwanar aka jingine a rumfarta, ta zauna a gabansu, ta ce babu mai motsawa sai mun isa.

Haka muka yi ta yi. Mai faci, mai rijiya, limamin wani ɗan masallaci, kowa ya fito, kowa sai an faɗa masa, kowa sai ya yi addu'a. Baba yana duban rana yana share gumi. Muka wuce tsamiyar da ba nan ba ce, muka bar kwalta muka shiga yashi, muka isa ana kiran magariba.

Mota na tsayawa muka ji muryar Ya Falmata daga bayan zana.

"Modu, ka kyauta. Burabisko ya huce. Wace kazar ka tsaya yi wa ta'aziyya yau?"

Ashe babu wanda ya riga mu da labarin. Ta fito tana dogara sanda. Baba ya durƙusa, ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Na dube shi, na dube ta, sai na ji kaina ina cewa, "Ya Falmata, sai haƙuri. Kaka ya rasu jiya. An yi masa sutura, mutane da yawa sun sallace shi."

Ta laluba zana ta zauna a ƙasa. Ta yi salati. Can ta ce, "Kun faɗa wa mutanensa na hanya?"

Baba ya ce, "Duk mun faɗa, Ya. Shi ya sa muka yi dare."

Ta ce, "Madalla. Da kun tsallake su kun zo mini da wuri, da na mayar da ku." Sannan ta jawo ni jikinta ta yi kuka.

Allah ya jiƙan Kaka Modu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Ya Falmata juriyar rashin ƙaninta, ya ba Baba da iyayenmu mata da mu jikoki haƙuri. Mutanen hanya da suka taya mu kuka, Allah ya saka musu da alheri. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.