Sunan da Hadijatu Ba Ta Faɗa

Shekara bakwai Hadijatu ta yi tana kiran rajista a wata firamare da ke Tudun Wadan Zariya. Yara sittin da biyu a aji ɗaya, kullum da safe, kuma ba ta taɓa rikita Hassana da Usaina ba. Murya kam Allah ya ba ta. In ta ƙwala wa yaro kira daga bakin aji, har mai sayar da gyaɗa a ƙofar makaranta sai ta waiwaya. To wannan matar ce fa ta shekara tara da 'ya a ɗaki ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi sunanta ba.

Kada wani ya ce rashin so ne, don ban ga uwar da ta kai ta son 'yarta ba. 'Yar fari ce, kuma sunan surukarta aka sa mata, Hauwa'u, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Ita kanta Hadijatu 'yar fari ce. Har mahaifiyarta ta koma ga Allah "wance" take ce mata, amma tsokar da ta fi girma a miya kullum a kwanonta take sauka. Haka ta koyi so, haka ta ci gaba da yinsa. Dangin miji suka laƙaba wa jaririyar Jidda. Uban, Nababa, "Mamana" yake cewa. Ita kuwa uwar ko Jiddan nauyi yake mata a baki, sai dai "ke", in a bayan ido ne "yarinyar nan".

Jidda ta cika shekara uku ba ta ce uffan ba. Aka ce nauyin baki ne, aka ce iska ce, aka sha rubutu har aka gaji, kafin wata likita ta ce galahanga ce, abin da 'yan boko ke kira otizim. Yarinya ce kyakkyawa, mai jera cokula a ƙasa a miƙe tsaf, mai son ruwa kamar me. Ba ta kallon idon mutum. In tana son a ƙara mata wani abu, sai ta kama hannunka ta ɗora a kansa: kan famfo in ruwa take so ya sake zuba, kan makunnin fanka in iska take so. Maganarta ke nan duka, kuma ba wanda yake jin ta kamar uwar.

Da Nababa ya samu gurbin karatun digirin digirgir a Doha, Hadijatu ta ajiye alli ta biyo shi. Suka kama ɗaki biyu a unguwar Nu'aija. Ran Juma'a takan yi dambun nama, ɗalibai 'yan gida su zo su cinye su sa albarka. Amma safiya ce take ba ta wuya. Ƙarfe takwas na yi sai ta ji bakinta yana neman kiran rajista, ga gida tsit, ba abin da ake ji sai kukan na'urar sanyi da ƙarar cokulan Jidda. Tana kewar wannan "Na'am, Malama" ɗin ƙwarai, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa cewa daga baki ɗaya tak take son jin sa ba.

Suka samar wa Jidda wuri a wata cibiya ta yara irinta. Cibiyar tana da doka: kowane yaro sai ya rataya kati a wuya, da hotonsa, da lalurarsa, da lambar wayar iyaye. Ran Hadijatu ya ɓaci.

"Yanzu Malam, sai a rataya mata alama sai ka ce ragon layya? Kowa ya karanta abin da Allah ya rufa mana?"

"Dokarsu ce, Hadijatu," in ji Nababa. "Ba kati, ba shiga bas. Kuma kin san Mamana da sulalewa."

Wadda ta cike musu takardar wata ma'aikaciya ce mai suna Shakira, 'yar Zangon Kumasi, mai Hausar nan da ba ruwanta da kewaye-kewaye. Ta zo kan wani layi ta tsaya.

"Hajiya, nan sun ce sunan da yaro yake amsawa. Wane ne?"

Nababa ya ce Mamana. Ya sake tunani ya ce Jidda. A fasfo kuma Hauwa'u ne.

"Ke fa, Hajiya? Ke ce da ita dare da rana. Me kike kiran ta?"

Hadijatu ta sunkuyar da kai. Nababa ya yi 'yar dariya ya ce ai 'yar fari ce.

Shakira ta ajiye biro. "Mu ma kakannimmu sun yi wannan, na sani. Amma wannan yarinya suna uku ya yi mata yawa. Ku zaɓi guda, khalas, shi ke nan, kowa ya riƙe shi. Kati ga baƙo yake amfani, Hajiya. In ta nufi titi, kati ba zai kira ta ba."

Aka rubuta Jidda. Nababa ya bar "Mamana" a ranar, ko da yake yakan manta. Hadijatu kuwa ta gwada, wallahi ta gwada. Sai ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta buɗe famfo don kada a ji, ta haɗa leɓe, sai ta ga fuskar mahaifiyarta, sunan ya maƙale. Wata biyu ana haka. Katin ma da bas ta sauke yarinyar take cire shi ta tura cikin jaka, musamman in za su shiga mutane.

Wata Juma'a suka je garin Wakra da ke kusa da Doha, bakin teku ta bayan kasuwa, inda ake jingine tsofaffin jiragen katako a kan rairayi. Nababa ya tafi sallar la'asar a masallacin kasuwa. Wata 'yar Kano da suka saba ta tsaya gaisuwa, kuma gaisuwarmu ba ta da gajarta: ina gajiya, ya yara, ya zafi, ya labarin gida. Da Hadijatu ta duba gefenta, takalman Jidda ne kawai, a jere tsaf.

Can ta hango ta cikin ruwa, ya kai mata ƙugu, tana tafiya gaba abinta, ba sauri ba tsoro. Kati yana cikin jaka, kuma ko yana wuyanta me zai yi?

"Ke!" in ji Hadijatu. "Ke!"

Iska ta kwashe. Ruwa ya kai ƙirji.

Sai muryar Tudun Wada ta dawo, gaba ɗayanta.

"Jidda!"

Masu shan shayi suka miƙe. Wani mai gadi ya taho da gudu. Duk wanda yake bakin tekun nan ya waiwaya, ban da wadda aka kira. Zan so in ce ta juyo, amma ba ta juyo ba. Hadijatu ce ta faɗa ruwa da hijabinta da komai, ta cafko ta, ta jawo ta zuwa inda ruwa yake iya gwiwa, ta durƙusa tana haki tana kuka. Kukan tsoro ne, amma har da na baƙin ciki: ta karya abin da uwarta ta riƙe har kabari, kuma ko waiwaye ba ta samu ba.

Jidda ba ta kalle ta ba, idonta yana kan ruwa. Sai ta miƙo jiƙaƙƙen hannunta, ta kama hannun uwar, ta ɗaga shi, ta ɗora mata a kan baki.

Hadijatu ta san ma'anar wannan fiye da kowa a duniya.

"Jidda," ta faɗa a hankali, ta tsakanin yatsu.

Yarinyar ta sake danna hannun. Ta sake faɗa. Da Nababa ya iso da takalmansa a hannu, ya tarar da matarsa durƙushe cikin ruwan gishiri tana ta maimaita sunan, yarinyar kuma ta ƙi sakin hannunta.

Yanzu da kanta take rataya katin, kuma ta daina cire shi. Kullum da safe kafin bas ta iso, Malama Hadijatu takan tsaya a ƙofar ɗaki ta kira rajistarta mai suna ɗaya. Ta kira, sannan ta ɗan dakata kamar yadda ta saba yi a aji, ko za a amsa.