Ɗan Sarkawan da Ke Mayar da Kifi Ruwa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Hamisu. Ba cikinmu ɗaya ba. A gidansa na Dagenham na sauka lokacin da na zo London karatu, na kira shi yaya, sunan kuma ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Mutumin Yauri ne, ɗan Sarkawa, ya tashi cikin kwalekwale da taru. A nan London aikin council, wato ƙaramar hukuma, yake yi, amma siyasar gida ita ce abincinsa. Shi ne shugaban reshen jam'iyyarsu na wannan yanki. Daga Litinin zuwa Juma'a waya ba ta barin kunnensa, in kuwa gardama ta kaure, maƙwabtansa Turawa ma sun san an taɓo gwamnan wani.

Asabar ce kaɗai ba ta siyasa ba. Da safe zai ɗauki sandar fatsa da kujerar naɗewa da flas ɗin shayi, ya nufi wani tafki da ke bayan unguwarsu. Wayar a mota yake barinta. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne dokar wurin: in ka kama kifi, ka duba shi, ka mayar da shi ruwa. Matarsa, Anti Rabi, takan ce ba ta taɓa ganin masuncin da ke biyan kuɗin lasisi ya wuni a bakin ruwa, sannan ya biya kasuwar Barking ya sayo kifin miya ba. Shi kuma ya ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin ɓata lokaci, sai shekarar da aka sa ranar auren 'yarsa Zainab da ɗan Dokta Lawal na Woolwich. Yaran su suka ga juna suka daidaita. Matsalar ita ce zaɓe ya matso a gida, Dokta kuwa jigo ne a jam'iyyar da Yaya ke adawa da ita. Wata rana a zauren WhatsApp na 'yan Arewa, Yaya ya rubuta cewa duk mai goyon bayan ɗan takararsu Dokta ya sayar da mutuncinsa. Dokta ya mayar da wadda ta fi ta zafi, ya fice daga zauren. Lefen da aka ce za a kawo ƙarshen wata sai aka ji shiru. Zainab ta daina cin abinci sosai, Anti Rabi ta daina yi wa mijinta magana sai ta dole.

Dattawa sun so a zauna a masallaci. Yaya ya ce in aka zauna, kowa zai kawo hujjarsa, a tashi an fi da ɓacewa. Ni ya aika wajen Dokta da saƙo guda: ya zo tafki ranar Asabar, an tanadar masa sanda. Ban zaci zai zo ba. Ya zo, da takalmin ofis, fuska a murtuke.

Bayan gaisuwa Dokta ya gyara murya ya ce, "Alhaji, game da abin da ka rubuta..."

Yaya ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, yi a hankali. Kifi ba ya son hayaniya, ga kuma mutane suna kamu."

Haka suka zauna kafaɗa da kafaɗa, ba mai cewa uffan sai in za a miƙa shayi. Wajen azahar sandar Dokta ta lanƙwashe. Ya rikice, Yaya ya miƙe ya riƙe masa hannu, suka yi ta ja tare har suka fito da wani ƙaton kifi. Dokta, wanda bai taɓa kama ko tarwaɗa ba, ya ce a kawo leda. Da aka gaya masa mayarwa za a yi, sai ya ce wallahi wannan zalunci ne. Nan suka yi gardamar da ta fi kowace daɗi a cikin waɗanda na taɓa ji, a kan kifi. Ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri a gabana. Sati na zagayowa aka kawo lefe.

Yanzu nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yadda muke. Zauren nan ya rabu gida-gida, kowa da na jam'iyyarsa. Mutanen da muka ci tuwo a kwano ɗaya suna haɗuwa a jirgin ƙarƙashin ƙasa kowa ya kau da kai. Ko hutu muka tafi bakin teku da iyali, rabinmu kai na sunkuye a kan waya, ana zagin wani a Abuja. An ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma su suna da lokacin da baki ke rufewa su huta. Mu mun rasa wannan lokacin. Ina jin ba zai yi mana wa'azi ba, don shi ma bakinsa ba sanyi gare shi ba. Zai dai tambaye mu wace rana muka ware.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, bayan gajeriyar jinya. Ɗan takarar da ya kusa ɓata auren 'yarsa saboda shi ya sauya jam'iyya tun ba a yi nisa ba, yau suna inuwa ɗaya da mutanen Dokta. Reshen da ya shugabanta ya watse. A zaman makoki kuwa, wasu tsofaffin Turawa abokan kamunsa suka zo, suka cire takalma a bakin ƙofa, suka zauna a ƙasa tare da mu ba tare da sun san abin da ake karantawa ba.

Bayan rasuwarsa Zainab ta haifi namiji, aka mayar da sunan Hamisu, muna kiransa Khalifa. Yana jin Hausa, amma da Turanci yake amsawa. Kwanan baya na tambaye shi ko ya san wace jam'iyya kakansa ya yi. Bai ma san me nake nufi ba. Abin da ya sani shi ne kakansa na Woolwich ya gaya masa mai sunansa ya fi kowa iya zama shiru tare da mutum.

Allah Ya jiƙan Yaya Hamisu, Ya yafe masa zafin bakinsa, Ya sa ya huta hutun da ba ya yankewa.