Faranti Ɗaya na Kawu Lawali

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Lawali, ƙanen mahaifiyata, kuma har yau in an ambaci sunansa sai in ji warin man gazwal a hancina. Ina ƴar shekara goma Inna ta fara kai ni gidansa a Vénissieux, gefen garin Lyon a Faransa, lokacin hutun lakwal, wato makaranta. Muna shiga, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne sarƙar keke, jiƙe cikin baƙin mai a kwanon sha, bisa teburin da za mu ci abinci. Inna ta ce, "Lawali, a nan za ka zuba mana miya?" Ya ce, "Haba Yaya, wannan kwanon ai ya samu ƙarin girma." Ni kuwa ban ci komai ba ranar.

Na rubuta wannan ne saboda kekensa yana baranda a Bobigny, gefen Paris, gidan ƙanensa Kawu Mamman, kuma an yanke cewa za a sauke shi bakin titi ranar da motar manyan tarkace za ta zagayo unguwar.

Kawu Lawali ɗan dako ne a wani babban sito. Ranakun Lahadi na lokacin sanyi kuwa yakan shiga tseren da ake kira siklokros, inda ake gudu da keke cikin filin kiwo da gangare, in hanya ta gagara mutum ya saɓa keken a kafaɗa ya ruga da ƙafa. Ba sana'arsa ba ce, kuma bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Ya kai ni kallo sau uku a bayan garin Lyon. Lakar wurin haɗe take da kashin shanu da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Na ga manyan mutane masu furfura suna tofar da ita, tana maƙale a haƙoransu, suna dariya. Na tsaya bakin igiya na toshe hanci da gyalena.

Amma na lura da wani abu. Kowane keke yana da faranti biyu masu haƙora a wajen feda, da wani ɗan ƙarfe, deraye, mai tura sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan. Kafin zagaye na uku, ɗan ƙarfen nan ya tara curin laka da ciyawa kamar sheƙar tsuntsu, sarƙa ta zame, mai keke ya durƙusa yana tono da yatsa yana zagi. Keken Kawu faranti ɗaya gare shi, babu deraye a gaba. Sai ya wuce su a hankali, yana haki.

Da hannunsa ya cire. Ya samo tsofaffin faranti biyu da suka cinye, ya goge haƙoransu da zarto har suka yi sumul, ya ɗaura su hagu da dama na farantin tsakiya don kada sarƙa ta faɗi. A baya ya bar giya tara, lokacin da abokan tserensa ke rububin goma, don ya ce sarƙar tara ta fi kauri, kuma laka tana samun hanyar fita tsakanin haƙoran. Wata Asabar ya ajiye faranti biyu a gabana ya ce in ƙirga haƙoransu. Ɗaya arba'in da biyu, ɗaya talatin da tara. Ya daɗe yana juya su. Ya ce babban zai fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma shi ƙafarsa ta kwana shida tana ɗaukar kwali kafin Lahadi ta zo. Ya ɗauki ƙaramin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dangi ba su gan shi haka ba. Kawu Mamman, wanda ke aikin ofis, ya zo Lyon wata Salla, ya zagaya keken, ya ce a gaban kowa, "Yaya, in babu ce ka faɗa mana. Keke gurgu cikin Nasara, ai mu duka ake yi wa dariya." Kawu Lawali ya yi murmushi ya ce, "To, na gode, Mamman." Bai yi bayani ba. Ni na san bayanin, haƙoran ma ni na ƙirga, amma na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma.

Ciwon hanta ya ɗauke shi cikin wata uku. Bayan sadakar arba'in, Kawu Mamman ya sa keken a motarsa ya taho da shi Paris. Ya kai wa mai gyara ya ce a cika abin da ya rage, don kada a ce yayansa ya bar kayan tausayi. Aka ɗaura faranti biyu masu sheƙi da sabon deraye, aka zubar da waɗancan na zarto. Ya kawo keken gidanmu ya nuna wa Inna, ta yi kuka ta sa masa albarka. Na san da zuciya ɗaya ya yi. Garin neman gira aka rasa ido, kuma babu wanda ya san an rasa. Ya hau keken sau biyu zuwa ofis, ya ce sirdin yana ci masa baya, ya jingine shi a baranda. Tun daga nan tantabaru ke kashi a kansa, ana shanya tsumman goge ƙasa bisa ƙahonsa, sarƙar ta yi ja kamar an tsoma ta a manja.

Watan jiya ni da Inna muka je gaishe da su Kawu Mamman, muka tarar ya sayi sabon keke na yawon Lahadi, yana falo a kan kafet. Ya jawo ni ya nuna mini wajen feda. "Dubi, Balki, faranti ɗaya tal. Mono-plato. Sabon yayi ne, duk masu tsere shi suke sawa yanzu. Ba laka, ba matsala. Nasara akwai kai!" Na duba fuskarsa ko zan ga ya tuna. Babu komai a cikinta sai murna. Ƙyamar da na ji a filin shanu ba ta kai ta wannan lokacin ba, kuma rabinta kaina nake ƙyama, don shekara bakwai ina riƙe da maganar da za ta wanke mutumin nan, kunya ta hana ni buɗe baki.

Me Kawu Lawali zai ce da ya ga yau? Ina jin zai tsuguna ya shafa haƙoran sabon farantin, ɗaya mai kauri ɗaya siriri don su riƙe sarƙa ba tare da makari ba, ya yaba wa wanda ya yi dabarar. Sannan ya tambayi Mamman haƙora nawa ne, Mamman ya rasa amsa. Ba zai yi gori ba. Ni ce ban kai shi haƙuri ba.

Bai bar ɗa ba, bai bar kofin gasa ba. Abin da ya bari shi ne yadda yake zaɓe: ya duba ƙasar da zai taka, ya duba ƙarfin ƙafarsa, ya cire abin da ba ya buƙata ko da za a ce masa matalauci. Wannan bai yi tsatsa ba. Ƙarfen ne ke kan hanyar bola.

A wannan ziyarar ce matar Kawu Mamman ta ce tana son barandarta, ya ce to, a sauke tsohon. Na bari har muka kai bakin ƙofa, Inna tana sa takalmi. Sai na juya na ce, "Kawu, don Allah kada ka sauke shi. Ka ba ni. Kuma ka ara mini makullan gyaran sabon kekenka, akwai faranti da deraye da zan cire."