Ranar da Na Yi Tafinta da Yaren da Ban Iya Ba

Har na ajiye aiki ban taɓa mantawa da wata Laraba ba, a kakar shekarar 2004, ranar da na kai baƙi yawon kasuwa a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Zuru. Ku da kuka shigo aikin raya karkara a baya-bayan nan, ku saurara, don abin da ya same ni daga layi guda na wani fom ya faro.

Lokacin ina jami'in raya karkara, mataki na bakwai. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne masu shiga ƙauyuka mu haɗa ƙungiyoyin manoma da na mata, mu ji kukansu, mu rubuta rahoto mu aika hedkwata, can kuma a ɗora shi a kan wani rahoton. Ni mutumin Jega ne. Ranar da aka ɗauke ni aiki, akwai wurin da aka ce mutum ya rubuta harsunan da yake ji. Na sa Hausa, na sa Turanci, sai na ga akwai sauran fili, na ƙara da C'lela, yaren mutanen Zuru, wanda mu muke ce wa Dakarci. Hujjata ita ce na zauna aji ɗaya da wani ɗan Zuru a sakandare, ya koya mini gaisuwa, da ƙirga har goma, da sunayen wasu dabbobi, da 'yan kalmomin ciniki, da zagi guda biyu. Saboda wannan layin aka turo ni Zuru. Shekara uku ina can asirina bai tonu ba, don duk inda na shiga da Hausa ake yi mini magana.

Ran nan sai ga takarda daga hedkwata. Darakta da kansa zai zo daga Birnin Kebbi, tare da wata baƙuwa, Hajiya Rabi, wadda ke da shagon kayan gargajiya a Kaduna. Tana son ta ga inda ake gina tukwane da saƙa kwanduna, in abin ya yi mata ta riƙa saye da yawa daga ƙungiyoyin mata. An zaɓi wani ƙauye da ya yi suna wajen riƙon tsohuwar rayuwa. Dattawansa sun hana a kawo injin niƙa da janareta, matansu kuma har lokacin a tukunyar ƙasa suke girki, ba don talauci ba, don haka suka zaɓa. A ƙasan takardar an rubuta: "Malam Umaru, wanda ke jin yaren, shi ne jagora kuma tafinta."

Ƙauyen nan na rubuta rahoto a kansa sau biyu, amma ƙafata ba ta taɓa taka shi ba, saboda mota ba ta kaiwa. Ga shi kuma sunana yana cikin waɗanda ake duba ƙarin girmansu zuwa mataki na takwas, kuma hannun Darakta ne zai sa a takardar. Yin ƙarya a fom ɗin ɗaukar aiki kuwa, a dokar aikin gwamnati, laifi ne da zai iya kai mutum ga kora.

Muka tashi da hantsi a motar ofis. Direbanmu Bitrus, haifaffen Zuru ne, shi kaɗai ya san gaskiyata. Tun ana gobe za mu tafi na roƙe shi ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Oga, kada ka damu, ina nan."

Da farko komai lafiya. Muka tsaya wata maƙera a bakin hanya, Hajiya ta sayi fartanya ƙarama don ta rataye a shago, maƙerin yana ta mamakin mai sayen fartanya ba don noma ba. Muka tsaya wurin wani mai zuma, Darakta ya ce shi ya san zuma ta gaskiya, ya tsoma yatsa ya lasa har sau huɗu, sannan ya ce zai yi shawara. Duk da Hausa aka yi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya hanya ta ƙare a bakin wani rafi. Darakta ya dubi motar, ya dubi jakarsa da ke ciki, ya ce, "Bitrus, kai tsaya nan ka yi gadin mota."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ya zo ya taya mu ɗaukar kaya."

"Kai mi hannunka ke yi?"

Bitrus ya dube ni, ya kwantar da kujerarsa, ya rufe fuska da hula. Kafaɗunsa kawai nake gani suna rawa.

Muka tsallake rafin. Darakta ya tattare babbar rigarsa mai sitati har ƙirji, takalma a hannu, yana taka duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana ambaton Allah. Bayan tafiyar kusan rabin awa muka iso kasuwar. Ba babba ba ce, amma ban taɓa ganin mai tsari irinta ba. Rumfunan kara ne a ƙarƙashin itatuwan ɗorawa. Ga layin tukwane, manya da ƙanana, jajaye da baƙaƙe. Ga masu daddawa da man kaɗanya, ga kwanduna da tabarmi, ga doya da jar dawa. Ba ƙarar rediyo, ba ta babur. Can ƙarshe akwai wata rumfa mai manyan tuluna, wadda na san abin da ke cikinsu ba kunu ba ne, na ƙudura ba zan bi da Darakta ta nan ba.

A bakin kasuwar wani tsoho ya taso ya tare mu. Dogo ne, a miƙe kamar sanda, da tsohuwar taguwa da wando iya gwiwa. Shi ne mai kula da kasuwar, ana kiransa Baba Tanko. Kafin ya buɗe baki, Darakta ya juya ga Hajiya ya ce da ƙarfi, "Kin gan su nan, Hajiya. Waɗanga mutane ko Hausa ba su ji. Ba su san an yi zamani ba. Shi ya sa na zo da tafinta."

Tsohon ya dube shi. Sannan ya fara magana da C'lela, a hankali, doguwar magana, yana nuna kasuwar, yana nuna kyamarar da ke rataye a wuyan Hajiya, yana kaɗa yatsa. A cikin duk abin da ya faɗa, gaisuwar farko kawai na gane.

Darakta ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce yana muku maraba. Ya ce tun da aka kafa kasuwar nan babban mutum irinka bai taɓa shigowa ba."

Darakta ya gyara tsayuwa. Hajiya ta ce, "Na ga yana nuna kyamarata."

"Ya ce tana da kyau, Hajiya."

"To tambaye shi, zan iya ɗaukar hoto?"

Na juya ga tsohon, na tattaro duk abin da na mallaka na yaren, na jera masa shi da sauri, ina ɗaga hannu kamar mai bayani. Ya saurare ni har na gama, fuskarsa ba ta motsa ba. Ya ce wata kalma ɗaya. Na ce, "Ya amince."

Muka shiga. Hajiya ta tsaya gaban wata dattijuwa mai tukwane, ta ƙwanƙwasa wata tukunya ta ji ƙararta, ta ce irin wannan aikin take nema. Sai ta ɗaga kyamara. Haske ya walƙa sau ɗaya, sau biyu, ta juya ga masu daddawa ta ƙara na uku.

Dattijuwar ta ja tabarma ta rufe tukwanenta, ta juya mana baya. Ta kusa da ita ta yi haka. Kafin ka ce me, layin gaba ɗaya ya rufe kaya. Wasu maza uku suka taso daga rumfar tulunan, suka zo suka tsaya tsakaninmu da hanyar da muka shigo. Ba su ɗauki komai ba, amma ɗaya ya miƙa wa Hajiya hannu yana nuna kyamarar.

Darakta ya matso bayana. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Umaru, yi musu magana. Gaya musu ni ne Darakta."

Na buɗe baki. Abin da ya rage mini a yaren wanda ban yi amfani da shi ba, zagin nan guda biyu ne. Na rufe bakina.

Sai Baba Tanko ya ratso ta tsakiyar mutane. Ya tsaya gabanmu, ya haɗa dugadugansa, ya ce da Hausa tsantsa, wadda ta fi tawa fita, "Yallaɓai Darakta, sannu da zuwa. Sunana Tanko, sajan-manja mai ritaya. Shekara talatin na yi a soja. Na zauna Kaduna, na zauna Legas, an kai ni har ƙasashen waje aikin kiyaye zaman lafiya. Ka ce ba mu jin Hausa, shi ya sa na bar ka da tafintanka."



Tsohon ya juya ga Hajiya. "Hajiya, abin da na faɗa a bakin kasuwa shi ne ku shiga ko'ina, ku taɓa komai, ku sayi abin da kuke so, amma ba a ɗaukar hoto a nan. Wasu shekaru da suka wuce wani ya zo ya ɗauki wata mata tana ɗauke da itace a kafaɗa. Ɗanta soja ne. Ya shiga shagon aski a Legas ya tarar da uwarsa rataye a bango, a jikin kalanda, ana nuna ta ana dariya. Wannan da ta juya miki baya, ita ce."

Hajiya ta dubi dattijuwar, ta dube ni. Ta ce, "Malam Umaru, ba kai ka ce ya amince ba?"

Baba Tanko ya ce, "Bari in gaya muku abin da ya ce mini. Ya ce: ina kwana, akuya, bakwai, ruwa, nawa ne, kare, na gode. Ni kuma na ce masa: banza."

Wata mai daddawa ce ta fara tuntsirewa da dariya, sai ta kama layin gaba ɗaya, har da mazan nan uku. Ashe duk kasuwar suna jin mu tun shigowarmu. Ni kam na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na cire hulata, na durƙusa gaban tsohon a gaban kowa, na ce, "Baba, ban iya yaren ba. Ƙarya na yi, tun a fom."

Ya ce, "Ba ni za ka ba haƙuri ba, ɗana. Ga ta can."

Na je na durƙusa wa dattijuwar. Hajiya ta biyo ni, ta buɗe bayan kyamarar, ta zaro fim ɗin gaba ɗaya, har da hotunan bikin 'yarta da ke ciki, ta miƙa mata da hannu biyu. Ta ce, "Inna, ki yafe mini, ban sani ba." Dattijuwar ta juya fim ɗin a hannu, ta jefa shi cikin wata tukunya, sannan ta yaye tabarmar. Ta ce da Hausa, "To, wacce kika ce kina so?"

Daga nan Baba Tanko ya zama jagora. Ya kai mu bayan kasuwa inda ake gasa tukwane da itace da ciyawa, ya kai mu wurin masu kwanduna. Hajiya ta yi magana da matan baki da baki, suka shirya yadda za a riƙa kai mata kaya bakin rafi duk wata. Da muka zo wucewa ta rumfar tulunan, Darakta ya ce ƙishirwa yake ji, ko a samo masa kunun nan. Baba Tanko ya ce, "Yallaɓai, wannan kunun ba na masu alwala ba ne." Aka kawo masa ruwa a ƙwarya.

Da la'asar muka dawo mota, ni ke ɗauke da tukwane huɗu. Bitrus ya dubi fuskokinmu, ya tayar da mota. Sai da muka kusa shiga gari Darakta ya yi gyaran murya.

"Umaru, in ka zo rubuta rahoto, wagga magana da na yi a bakin kasuwa, ba sai ta shiga ba."

Na ce, "To, ranka ya daɗe. Maganar tafinta fa?"

Ya ce, "Ita ma takarda ba ta da fili."

Ba a kore ni ba, amma ƙarin girman ma bai zo ba sai bayan shekara biyu, kuma ban yi ƙorafi ba. Mako na zagayowa na koma ƙauyen ni kaɗai a kan babur ɗin haya, na ƙarasa da ƙafa. Na ce wa Baba Tanko ina son in koyi yaren da gaske. Ya zaunar da ni a layin tukwane, ya hana matan yi mini Hausa. Haka na yi ta zuwa duk Laraba kusan shekara guda, suna koya mini suna yi mini dariya.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, mutanen da ake tura mu wurinsu sun fi mu sanin mu. Suna jin duk abin da muke faɗa, suna ganin wanda ya zo da gaskiya da wanda ya zo cika takarda, kuma shirun da suke yi ba rashin sani ba ne. In aka tura ku ƙauye, ku je da ƙafarku kafin ku rubuta komai a kansa, ku tambayi abin da aka hana kafin ku tambayi abin da ake sayarwa. Ni dai jimlar farko da Baba Tanko ya sa na haddace a yaren, ya sa na maimaita ta har sai da ta zauna a bakina, ita ce "ban sani ba". Ya ce a shekara talatin da ya yi yana sara wa manya, bai taɓa jin ta daga bakin ma'aikacin gwamnati ba, ko da wane yare.