Wasan da Na Ƙi Rufewa

Ƙauyenmu yana bayan Sabuwa, inda daji ya fi gonaki yawa. Muna yara, da zarar an kai dawa rumbu kuma an idar da sallar magariba, kakarmu Iya takan tara kara a tsakar gida ta hura wuta, ta binne dankali cikin toka. Ni da yayana Sani ba ma fashin zama. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce ga baƙuwa nan ta iso, wa zai ba ta tabarma, mu kuma mu amsa cewa mun shimfiɗa, ta zauna mu ji.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Ladi da yayarta. Suna zaune a garuruwa biyu, kurmi a tsakani. Wata rana dodo ya sauko daga tsauninsa ya ce daga yau ba mai ƙetare kurmin. Kullum da sassafe sai ya ciro ƙaton dutse ɗaya ya toshe duk hanyar da ya ga an sara. Mazan gari suka sara, ya toshe, suka sake, ya toshe, har suka rataye gatari suka ce ƙaddara ce. Ladi ta sauko da gatarin. Ita kuwa duk inda ta kai sai ta sara hanya biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, su haɗu a gaba. In dodo ya toshe ɗaya sai ta bi ɗayar, ta sake sara biyu.

A nan Iya kan ɗaga karan da take zungurar wuta da shi ta nuna mu. "Mi za shi yi mata? Shi dutse ɗaya gare shi a rana, ita ko ƙahwa biyu Allah ya ba ta."

Haka Ladi ta isa gidan yayarta suka ci tuwo a kwano ɗaya. Dodo ya waiwaya ya tarar ya kwashe tsauninsa kaf, ba shi da wurin kwana. Yaya Sani bai taɓa gamsuwa da wannan ƙarshen ba, kullum sai ya tambayi dalilin da ya sa ba a kashe dodon ba. Iya ta ce Ladi ba kisa ta fito yi ba, 'yar'uwarta ta fito gani. Daga nan ta tono dankali ta ce baƙuwa ta tashi, a naɗe tabarma.

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni na zama malamar firamare a Ƙanƙara, Yaya kuma ya riƙe gonar gida. Da 'yan bindiga suka addabi yankin, hanyar ƙauyen ta zama abin tsoro, sai shekara ta wuce ban je ba. Yaya ba mutumin waya ba ne. In na kira, zai ce lafiya lau, ya kashe.

Da ya zo Ƙanƙara gaishe mu, ya tarar da ni ina wani wasa da wata abokiyar aikina ta sa mini a waya. Allo ne mai gidaje kamar saƙar zuma. Mutum biyu ke yi, mai ja da mai shuɗi, kowa ya ajiye ƙwaya ɗaya ya jira ɗan'uwansa. Ɗaya na son jera nasa su haɗa sama da ƙasa, ɗayan na son haɗa dama da hagu, wanda ya riga haɗawa shi ya ci. Ba a cin ƙwayar wani kamar a dara, kuma ba a canjaras. Yaya ya kalle ni na yi sau biyu, ya ce ni wawuya ce, ina jera ƙwayoyi manne da juna alhali zan iya barin gidaje biyu a tsakani, in an toshe ɗaya in haɗa ta ɗayan. Ban gaya masa inda ya samo wannan ba. Na sa masa manhajar kawai.

Daga nan muka fara wasa ta intanet, ƙwaya ɗaya a rana, domin sai ya hau dutsen bayan gari yake samun sabis. Ina shiga aji da safe zan ga jar ƙwayarsa ta sauka, in san ya kwana lafiya.

Ana nan aka yanke sabis a duk yankinmu saboda tsaro. Wasan ya tsaya, shi ke da takawa, wato shi zai ajiye ƙwaya. Bayan kwanaki masu zuwa kasuwa suka kawo labarin an shiga ƙauyenmu an ƙona rumbuna, ba wanda ya san waɗanda suka tsira. Duk Asabar sai in shiga mota in yi ta tafiya har inda waya za ta kama, in buɗe allon, in tarar da shi yadda na bar shi. A ƙasansa manhajar ta rubuta cewa abokin wasana ya wuce lokaci, in danna in karɓi nasara.

Gwaggonmu da ke Mairuwa ta zo ta kwana biyu a gidana. Ta ce abin kunya ne mace kamata tana bin mota saboda wasan yara alhali lokacin addu'a ne. Maigidana ya fi ta taushi, ya ce in goge abin in samu sauƙi a raina. Na ce musu addu'a ina yi ba dare ba rana, amma ba ni zan ta da Yaya daga kan allo ba. Muddin ba a kawo mini wanda ya ga gawarsa ba, shi ke da takawa, kuma zan jira. Gwaggo ta tafi tana fushi da ni.

Asabar ta shida, ina tsaye bakin titi inda waya ke kamawa, na buɗe na ga jar ƙwaya sabuwa. Ta zauna daidai inda ta datse mini hanya. Na zauna a ƙasa cikin mutane ina kuka ina dariya. Da na kira, wayar ta shiga. Ya hau babur ne har cikin ƙasar Kaduna neman sabis. Ya ce sun yi kwanaki a daji, rumbunsa ya ƙone, ya kai matarsa da yara wurin gwaggo. Na roƙe shi ya taho Ƙanƙara.

"Hajara, in na taho wa zai shuka gonar Iya? Sun ƙona dawa, ba su ƙona ƙasa ba. Ki taka, ke nake jira."

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar Ladi darasin wayo ce. Yanzu na fi ganin taurin kai a cikinta, irin na wanda ba shi da ƙarfin korar azzalumi amma ya ƙi yarda a raba shi da nasa. 'Yan bindigar suna nan har yau, ba mu kore su ba. Yaya ya koma ya yi shuka, ya cinye ni wancan wasan, muka buɗe wani. Da aka yi girbi ya aiko mini da ƙaramin buhun dawa ta hannun direba, na dama kunu, na kai wa gwaggo nata kason dawar har Mairuwa.