Ranar da Kaka ta zage ni a gonar tattasai

Har yau matan unguwarmu cewa suke zagi ne ya sa ni kuka a ranar. Sun yi kuskure, kuma ni ba zan manta da ranar nan ba.

Daga Fulatari muka dawo Diffa bayan dabbobinmu sun ƙare. Ina da birebe, takardar gama makaranta, a hannu, amma takarda ba ta cika tukunya, sai na bi mata tsinkar tattasai a bakin kogin Komadugu. Yawancinsu Barebari ne, mu Fulani kaɗan. Kowa ya san wasan da ke tsakaninmu: ba a gaisuwa sai da tsiya. Bafulatana na isowa za a ce, "Ga ɓarauniyar nono nan, ku ɓoye ƙwarya!" Ita ma ta rama, a yi ta shewa.

Ni kuwa? "Sannu, Madamazel." Shi ke nan. Lokacin abinci a zuba mini nawa daban, har da cokali. Sun ɗauka ƴar lakol, mai ilimin boko, ba ta son raini. Wallahi wannan ladabin ya fi mari ciwo. Nakan tsara abin da zan faɗa tun daga gida, in na iso sai bakina ya mutu, ina tsoron in yi wasa a yi shiru. Har na gaya wa innata ba zan ƙara zuwa ba.

A ranar da na sa ta zama ta ƙarshe, ina ta fizga cikin haushi, ja da ɗanye duk ina zubawa a buhu. Tsohuwar Babarbariyar da ke kula da mu, wadda kowa ke kira Kaka, ta leƙa buhun, ta dube ni.

"Ke Bafulatanar banza! Saniya ce ke, da duk koren da kika gani sai kin tsinke?"

Sai hawaye. Mata suka taso mata. "Haba Kaka, ba irinmu ba ce!"

Wannan maganar ce ta buɗe mini baki. Na ce, "Ku bar ta. Tsohuwar da kaza ta yi tono a fuskarta, ina ta ga idon gane ɗanye?"

Aka yi tsit. Na ce a raina, na kashe kaina. Sai Kaka ta shafa zanen kumatunta, ta fashe da dariya har da tari.

"Ashe baiwar tawa tana da baki! Zo nan, ki tsince shi tas, sannan ki ci tuwon iyayen gidanki."

Allah ya saka wa tsohuwar nan da alheri. A wurinta na gane cewa wanda ake lallaɓawa kullum baƙo ne. Bana akwai wata yarinya da ta fara zuwa, tana zama can gefe, kowa na ce mata sannu. Gobe ni zan fara tsokanarta.