Tuzuru Mai 'Ya'ya Biyar

Shekara shida na yi a ɗaki guda a unguwar Al Mirqab, can ƙasar Larabawa, mu uku, dukkanmu masu gadi. Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma haya da sauƙi, kuma da ƙafa nake zuwa shagon da nake gadi. A cikinsa aka kulle mu lokacin korona, a cikinsa na yi jinyar kaina. Lokacin har dabino mai gidan yake aiko mana, saboda rabin ɗakunansa babu kowa.

Ɗaya daga cikin abokan zamana, wani Bazazzagi mai manne wa rediyo, ya taɓa ce mana a wasu ƙasashe gwamnati kan rage wa mai gida haraji idan ya ba talaka haya mai sauƙi. Na ce masa, "Malam, rufa mana asiri da labarin aljanna."

Da gasar cin kofin duniya da za a yi a ƙasar ta ƙarato, sai ga takarda a ƙofa: gidan ya koma na masu iyali, duk wani "bacala" ya tattara. Na tambayi Bazazzagin ma'anar kalmar, ya ce tuzuru. Wallahi dariya na yi. Na ce su biyun su san inda suka nufa, ni dai wannan ba da ni ake ba.

Na kira matata a Kano. Mu da aka ɗaura mana aure a ƙofar gida da goro da alawa, ina muka ga takardar aure? Baiwar Allah nan ta yi kwana uku tana zarya tsakanin limami da kotu, har ta samo shaida ta turo mini. Na haɗa da hotunan yara biyar, na sa babbar riga, na tafi ofishin wakilin mai gidan.

Ya duba takardar, ya duba hotunan, har da cewa masha Allah.

"Ina matar?"

"Tana Kano."

"To ai kai bacala ne. Khalas, magana ta ƙare."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tuzuru wanda bai taɓa aure ba ne. Ni shekarata ashirin da huɗu da aure."

Ya ce a nan ba aure ake kallo ba, duk wanda matarsa ba ta kwana a ɗakinsa bacala ne. In ina son ɗakin, in kawo ta. Ya sani sarai albashin mai gadi bai kai a ba shi izinin kawo mata ba. Raina ya ɓaci, har yau kuma bai daina ɓaci ba. Nisan da na yi da ita don in ciyar da ita, shi ne aka ce ya warware mini aure.

Kamfaninmu ya ba ni gado a bayan Al Wukair, mu takwas a ɗaki, sai mota ta zo ta kwashe mu zuwa aiki kamar buhuna. A bakin ƙofa aka miƙo fom, da gurbin da za a rubuta matsayin mutum game da aure. Da hannuna na rubuta bacala, a makon da aka raɗa wa jikana na fari suna.